Lahadin Lavon

Litinin, 11 ga Nuwamba, da yamma

Na iso. Kwana da yini a cikin bas daga Alabama, ƙafafuna sun kumbura, kuma wanda na zo dominsa bai zo tarbata ba. Tavita ne ya zo, wannan ƙaton mutumin tsibirin Samowa da suke haya gida ɗaya, suke ƙungiya ɗaya. Shi ya bugo mini waya ranar Asabar ya ce, "Mama, don Allah ki zo, amma kada ki ce ni na kira ki." A mota na tambaye shi me ya samu Lavon, sai ya ce sanyin garin nan ya fara da wuri bana.

Na tarar da ɗana a falo, labule a sauke, fitila a kashe, baƙin tabarau a idonsa. Ya ce, "Mama, me ya kawo ki? Ai bikin Ranar Godiya da saura." Na ce kewarka ce, ko sai na nemi izini? Ya fara dariya, ya dafe kai, ya daina.

"Ɗan jiri ne kawai," in ji shi. "Ranar Laraba, a wurin atisaye. Ya ma wuce."

Ni Earlene Pettway na tsufa ina dafa wa 'ya'yan mutane abinci a makaranta. Na san yaro mai ƙaryar ciwo, na kuma san mai ƙaryar lafiya.

Talata, 12 ga Nuwamba, da hantsi

Yana kwance. Ba ya son ƙarar tukunya, sai na zauna ina rubutu.

Shekara biyu ke nan ina ce wa mutanen coci ɗana ƙwararren ɗan ƙwallon Amurka ne, irin wadda ake rungume ƙwallo a gudu ana kayar da juna, kuma ba ƙarya nake ba, biyansa ake yi. Abin da ba na faɗa shi ne yana cikin 'yan ajiya, waɗanda ba sa shiga fili ranar Lahadi. Aikinsa shi ne ya zama wani. Kowane mako su ɗauko falmaran mai raga ruwan ɗorawa, su manna mata lambar babban mai gudun ƙungiyar da za su kara da ita, su ba shi. Ya zauna ya yi ta kallon bidiyon mutumin har ya iya takunsa da kaucewarsa da yadda yake rungume ƙwallo. Sannan daga Laraba zuwa Juma'a ya shiga fili a matsayin mutumin, ƙattan ƙungiyarsu su yi ta koyon kayar da shi a jikin ɗana. Ranar Lahadi su je su kayar da mai lambar na gaske, a tafa musu.

Yaron da duk garinmu ke rufe shaguna a je kallonsa yana sakandare. Ni na haife shi, amma har yau ban ga sunansa a bayan riga a garin nan ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba, da safe

Ya zuba gishiri a kofinsa maimakon sukari. Ya shanye, bai ma lura ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da la'asar

Mun je kanti sayen ganye da garin masara. Ba zan rubuta abin da ya faru a wurin ajiye motoci ba. Ni na tuƙo mu gida, shi kuma ya ce in daina kallonsa haka.

Ɗan jiri. Wa ya koya musu wannan kalma? Tavita ma ita yake faɗa, mai shafa musu magani da ya bugo waya ita ya faɗa, kamar an raba musu ita tare da hular kwano.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, da yamma

Ya dawo daga wurin likitan ƙungiya yana murna. "Mama, na ci gwajin. Likita ya ce kaina ya koma yadda yake. Laraba zan koma atisaye."

Na ce wane gwaji? Ya ce kalmomi ake faɗa maka ka maimaita, da lambobi daga baya zuwa gaba, da wasu zane-zane a kwamfuta. Na ce kai da jiya ka kasa tuna inda muka ajiye mota, sai ya katse ni ya ce jiya jiya ce.

Na dubi Tavita. Bai ɗago kai daga kwanonsa ba, mutumin da kullum sai ya yabi burodin masarata tun kafin ya haɗiye.

Asabar, 16 ga Nuwamba, da rana

Na ritsa Tavita a kicin, Lavon yana barci. Na miƙa masa wuƙa da ganye na ce yanka, kuma kana yankawa kana magana.

"Mama, za ki ja mini."

"Ni ma zan iya ja maka, ɗan nan. Wanne ka fi tsoro?"

Sai ya faɗa. Wai tun da bazara, kafin a fara kakar wasa, kowa ana yi masa wannan gwaji yana lafiya ƙalau, a ajiye sakamakon. In ka samu bugu daga baya a sake yi maka, a gwada da na farko. In sun yi daidai, ka warke ke nan. To su kuma 'yan wasa sun gano dabara: ranar gwajin farko sai mutum ya yi kamar daƙiƙi. Ya manta kalma da gangan, ya yi nawa wajen danna kwamfuta. Ranar da kansa ya bugu da gaske, sai a ga ai dama haka yake.

"Kowa na yi, Mama. Manya ne suka koya mana. In ka zauna mako biyu kana ɗan ajiya, kafin ka dawo an ba wani falmaranka."

"Kai ma ka yi?"

"Ni ban sha wahalar yi ba," in ji shi, yana son in yi dariya.

Ban yi ba. Lavon da ya haddace sunayen littattafan Littafi Mai Tsarki tun bai shiga makaranta ba, shi ne ya zauna gaban likita ya rage wa kansa mudu da hannunsa, yanzu ana auna shi da wannan mudun ana cewa ya cika. Kuma kada wani ya ce mini likitan bai san ana yi ba. Abin da kowa ke yi, mai gidan ne kaɗai bai sani ba? Raina ya ɓaci da su, ya ɓaci da Tavita, ya fi ɓaci da wannan mai barcin.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, da yamma

Mun kalli wasan a talabijin, shi da tabarau, an rage murya. Sun ci. Masu sharhi sai yabon 'yan bayansu suke, wai kamar sun san inda mai gudun can zai bi tun bai motsa ba. Sun sani mana. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ƙanena Roosevelt ya bugo daga gida. "Yaya, yaushe za mu ga yaronmu a akwatin nan? Mutane sun fara cewa ruwa yake raba wa 'yan wasa." Na ce ka gaya musu su zo su karɓi aikin.

Laraba, 20 ga Nuwamba, da magariba

Ya koma. Wannan mako shi ne lamba talatin da uku. Ya shigo kicin yana jan ƙafar hagu, na ce me ya samu ƙafarka, ya ce ba tasa ba ce, haka mutumin yake tafiya.

Ya yi amai a banɗaki, ya buɗe famfo don kada in ji.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, da la'asar

Na je da kaina. Na sa rigar cocina da hulata, na hau tasi har ƙofar filin atisayensu. Mai gadi ya ce ba a shiga. Na ce to zan tsaya, na tsaya a cikin dusar ƙanƙara har suka ji kunya suka turo kocin masu gudu, wani Lindahl, mai jar fuska da murmushi kamar mai tallan inshora.

"Madam Pettway, ai ke kika haifa mana wannan jarumi. Ba mu da mai ƙwazonsa."

Na ce ban zo jin kirari ba. Na gaya masa gishirin, na gaya masa aman, na gaya masa maganar gwajin bazara ba tare da na ambaci wanda ya gaya mini ba. Yana ta gyaɗa kai.

"Na fahimce ki, ni ma uba ne. Amma ni ba likita ba ne, Madam. Likita ya ce ya ci, shi da bakinsa ya ce lafiyarsa lau. Babban mutum ne, ba zan ƙaryata shi ba."

"Kai da idonka fa? Me ka gani?"

"Na ga yaro mai son wasa."

Ya sa aka kawo mini hula mai tambarin ƙungiya da kofin shayi. Na karɓa don tarbiyya, na bar su a kujerar tasi.

Asabar, 23 ga Nuwamba, da safe

Ya ji. Kocin ya tsokane shi a gaban mutane, wai mamarsa ta zo ɗaukarsa daga makaranta.

"Mama, kin san abin da kika yi? So kike su kore ni?"

"So nake ka kai shekara arba'in ka san sunan 'ya'yanka."

"Kowa a ɗakin nan kansa na ciwo. Kowa. Ni kaɗai ne uwata ta zo da hular coci."

Na ce to sauran marayu ne. Ya ce shekara biyu yana cin duka a rigar mutane don rana ɗaya a kira sunansa, yanzu da ya kusa zan zo in zubar masa. Na ce garin neman gira ake rasa ido. Ya ce idonsa ne. Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa a hankali, don ƙarar bugawa ba za ta yi masa daɗi ba.

Litinin, 25 ga Nuwamba, da rana

Ba ya mini magana. Abincina dai yana ci.

Laraba, 27 ga Nuwamba, da yamma

Wannan mako shi ne lamba ashirin da ɗaya. Ta bakin Tavita na ji.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, Ranar Godiya, da magariba

Sun yi atisaye da safe suka dawo da yunwa. Na gasa talo-talo, na yi ganye da wuyansa, da dankali mai zaƙi irin wanda yake so. Tavita ya ci rabin tsuntsun ya ce zai koma Alabama in ɗauke shi riƙo. Lavon ya cire tabarau, shi ya yi addu'a, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ya gama ya matse hannuna ya ce, "Mama, a bar maganar."

Har na fara cewa ko ni ce mai neman rigima. Ko da gaske jirin ne, ya wuce. Ina wanke kwanoni ina gode wa Allah, sai ya leƙo ya tambaye ni yaushe za a ci abinci.

Juma'a, 29 ga Nuwamba, da la'asar

Mai gudunsu na biyu ya gurɗe gwiwa yau. Tavita ya ce in ba a samu wani ba, Lavon ne. Ban taɓa yi wa gwiwar ɗan wata addu'a kamar ta yau ba.

Asabar, 30 ga Nuwamba, da rana

Sun kira shi. Gobe zai sa riga.

Ya shigo da gudu ya ɗaga ni sama kamar jakar gari, ya nuna mini hoto a wayarsa: riga a rataye, PETTWAY a baya da manyan baƙaƙe. Na yi kuka, kuma kukan daɗi ne, ba zan ɓoye wa takarda ba. Sunan ubansa ne, wanda ya mutu bai gani ba.

Roosevelt ya riga ya baza. Za su kafa babban allo a zauren coci bayan sujada, mata za su soya kifi. "Yaya, ki ɗaga hannu in kyamara ta zo kanki." Na ce masa yaron ba shi da lafiya. Ya ce, "Haba Yaya, ke kullum. Mu ma mun buga ƙwallon nan, kai ya yi ƙara, ka sha ruwa ka koma." Na ce shi ya sa kake haka.

Na nemi likitan ƙungiya a waya. Wata mai zaƙin murya ta ce doka ba ta ba su damar tattauna lafiyar ɗan wasa da kowa ba, sai da izininsa. Kowa. Ni ce kowa. Na ce to ba tattaunawa nake so ba, ki rubuta abin da zan faɗa ki kai masa. Ta ce za ta isar.

Kafin Lavon ya tafi otal ɗin da suke kwana na tare ƙofa. Na ce ka je ka gaya musu gaskiyar gwajin nan, ni zan tsaya gaban coci in ce ni na hana ka, su zage ni. Ya sunkuyo ya sumbaci goshina.

"Lahadi ɗaya, Mama. Ki bar ni in ga yadda take. Bayan nan duk abin da kika ce."

Da ina da ƙarfin Tavita da na zaune shi har Litinin. Na matsa, ya wuce.

Lahadi, 1 ga Disamba, da safe

Tikiti na gaban madubi. Na ce ba zan je ba. Na sa takalmi.

Lahadi, da magariba

Ba yau zan rubuta ba.

Litinin, 2 ga Disamba, da hantsi, a asibiti

Bayan hutun rabin lokaci suka sa shi. Mai shela ya faɗi sunansa, ya ma faɗe shi daidai. Aka ba shi ƙwallo ya kutsa, ya yi nisa sosai da ita, mutanen da ke kusa da ni suka tashi tsaye. Aka sake ba shi. Wannan karon na rufe ido, ƙarar kawai na ji, kuma ita ma ba zan rubuta ta ba.

Ya tashi da kansa. Na ce Allah na gode. 'Yan ƙungiyarsa suka juya suka nufi gefensu, shi kuma ya nufi ɗaya gefen, yana tafe da wani taku da ba nasa ba. Ya ratsa cikin baƙin ƙungiya masu fararen riguna, ya samu bencinsu ya zauna, ya cire hular kwano kamar ya iso gida.

Suka haska shi a babban allo. Filin nan gaba ɗaya ya fashe da dariya. Wani a bayana da giya a hannu ya ce, "Sabo ne, bai san gidansu ba." Na juya na ce ɗana ne, kuma abin da na ƙara masa ba na coci ba ne.

Wanda ya tashi ya kama hannunsa shi ne mai lamba ashirin da ɗaya, na gasken, wanda ya yi mako yana kwaikwayo. Ya yi masa magana a kunne, ya rako shi har tsakiyar fili yana ɗaga wa likitoci hannu. Baƙo, abokin hamayya, shi ya fara ganewa. Masu horar da shi, waɗanda suka yi mako uku suna kallonsa kullum, suna tsaye da allunan rubutunsu.

Likitar nan ta asibiti ba ta ce jiri ba. Ta faɗi sunan abin, ta ce bugu ne a kan bugun da bai warke ba, ta tambaye ni me ya sa ba wanda ya yi magana.

Talata, 3 ga Disamba, da yamma

Tavita ya kawo kayan Lavon daga ɗakin 'yan wasa a cikin baƙar ledar shara. Haka suke yi wa kowa, in ji shi. Lindahl ya aiko da saƙo wai suna tare da mu a addu'a. Su riƙe addu'arsu, ina da tawa.

Gobe wani zai sa falmaran. Tavita ya ce har an kawo shi daga filin jirgi, yaro ne daga Texas, yana ta murna.

Roosevelt ya bugo, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce a zauren coci ba wanda ya yi dariya, kifin ma ba a ci ba. Ya ce bidiyon na yawo a waya. Na ce duk wanda ya nuna wa Lavon shi, ko fasto ne, ni da shi ne.

Alhamis, 5 ga Disamba, da la'asar, a wani gidan mai a Kentucky

Sun sallame mu jiya. Likitar ta ce hutu, duhu, ba waya, ba ƙwallo, kuma ba ta ce har yaushe ba. Na ɗora kayanmu a motarsa, ni ke tuƙi. Tavita ya tsaya a bakin titi yana share ido da hannun riga, na ce ka je ka gaya wa yaron Texas ya yi gwajinsa da gaskiya, ya ce to. Ban sani ba ko zai faɗa.

Mun yi nisa Lavon yana barci. Da ya farka ya dubi hanya ya ce, "Mama, ina za mu? Lahadi fa zan sa riga." Likitar ta ce ranar wasan na iya dawo masa cikin tunani, tana iya ƙin dawowa, amma ban zaci haka abin zai zo ba. Na tsaya a gefen titi na gaya masa: an yi wasan, ka shiga, an kira sunanka, ka ɗauki ƙwallo ka yi nisa da ita, sannan ka samu bugu. Maganar bencin ce kawai na tsallake. Ya ce, "Na shiga?" Na ce ka shiga. Ya yi ta lalube a kansa bai samu komai ba, sai ya kifa fuska a gwiwa ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun ranar jana'izar ubansa.

Ya sake barci. Bayan mun haye kogi ya farka ya sake tambaya. Na sake faɗa, ya sake yin kukan daga farko, sabo fil.

Shekara biyu suna dukansa, Lahadi ɗaya suka ba shi, ita ma ba su bar masa ita ba. Mutum dubu nawa ne suka ga ranar, har mashayin da ke bayana yana da ita, mai ita ne kaɗai ba shi da ita.

Yanzu na dawo daga biyan kuɗin mai na tarar ya farka, yana murmushi a bayan tabarau.

"Mama, za ki zo kallo ranar Lahadi ai? Kada ki ce ba za ki zo ba."

Na ce zan zo.